Baturen da ya wanke manomin karkara

Mai karatu, a finafinan mu da littattafan mu, in dai an nuno baƙauye to abin dariya ne, ko kuma jahilin da ke sare itace har hamada ta cinye gari. Wannan zargi tsoho ne. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E.P. Stebbing, ya ce Sahara na gangarowa kudu, ya ɗora laifin a kan manoma da makiyaya. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya zagaya bakin iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai ga wannan haɗari ba, amma maganar ta zauna.

Wanda ya ƙarar da rayuwar sa wajen rusa ta shi ne Michael Mortimore. Ya fara koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1962, ya koma Jami'ar Bayero a matsayin farfesa a 1979, ya rasu a 2017. Littafin sa "Adapting to Drought" (1989) ya samo asali ne daga farin 1972 zuwa 1974. Fiye da shekara goma ya na bibiyar ƙauyen Dagaceri, da ke Jihar Jigawa a yau.

Armashin littafin shi ne haƙurin marubucin. Ya nuna yadda manomi ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ya sake shuka in ta farko ta ƙone, ya sayar da akuya ya sayi hatsi, ya tafi cin rani ya dawo kafin damina. Duk lissafi ne, ba ruɗewa ba. Mutumin Lafani ta ƙasar Illela, can daf da Ƙonni, zai ga kan sa a ciki.

Sai dai akwai gyara. Mortimore ya fi ba dabarar talaka ƙarfi, bai matsa sosai kan masu ɓoye hatsi da bashi da haraji ba. Wannan sai ka nemi "Silent Violence" (1983) na Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita. Sannan da Turancin malaman jami'a aka rubuta shi, alhali masu labarin Hausa da Manganci su ke ji.

Nan aikin ya dawo kan marubutan mu. Magidancin da rumbun sa ya ƙare a tsakiyar damina, ya na tsakanin sayar da gona da barin iyali, ai jarumin fim ne. Wa zai rubuta shi?