Jinjina ga Masu Kemis da Ma'aikatan Asibitin Nasarawa Burkullu

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta, har da kwaroron roba. Faɗa a Abuja abu ne mai sauƙi. Wahalar tana kan hanya: daga Gusau a biyo ta Anka, a shiga ƙasar Bukkuyum, inda direba ke tafe yana waige saboda 'yan bindiga. Waɗanda ke ɗauko katan ɗin kayan nan sun cancanci yabo.

Amma gwanintar gaske tana wajen mai kemis. Ya san zafi na lalata roba, don haka ba ya barin kwaroron Gold Circle kusa da kwanon rufi. Yana ajiye shi ƙasan kanta, yana duba ranar ƙarewar aiki. Magidanci ya shigo yana kame-kame, ya nemi farasitamol, sai a naɗe masa duka biyun a baƙar leda, ba tambaya, kuma zancen ba ya kaiwa majalisa.

Wasu na ganin sayar da kwaroron buɗe ƙofar fasiƙanci ne. Ni matar aure nake dubawa, wadda allura ko ƙwayar tazara ba za su kare ta daga ƙanjamau da ciwon sanyi ba.