3.4 Zancen Zuci a Wasan Hamlet na William Shakespeare

Marubucin ƙagaggen labari yana da damar kutsawa zuciyar tauraronsa ya faɗi abin da ke cikinta. Marubucin wasan kwaikwayo kuwa ba shi da wannan dama, domin komai sai ya fito ta bakin 'yan wasa ko ta ayyukansu. Saboda haka ne marubuta irin su Shakespeare na Ingila suka riƙa amfani da zancen zuci, wato a bar ɗan wasa ya furta tunaninsa a fili ba tare da sauran 'yan wasa sun ji ba.

Idan aka dubi kashi na uku, fitowa ta uku, a wasan Hamlet, wanda aka rubuta wajen 1600, za a ga yadda wannan dabara take aiki. Kafin wannan kashi, hujjar Hamlet a kan cewa baffansa, Sarki Claudius, ne ya kashe mahaifinsa ba ta wuce maganar fatalwa ba. A nan sai aka bar Claudius shi kaɗai, ya amsa laifinsa da bakinsa. Ya kuma nuna yana son gafara, amma ya san ba zai samu ba matuƙar yana riƙe da sarauta da matar da ya yi kisan dominsu. Ke nan an nuna wa 'yan kallo mugu mai sanin muguntarsa, wanda son zuciya ya hana shi tuba.

Yana durƙushe sai Hamlet ya shigo, ya zare takobi. Shi ma ta zancen zuci aka ji dalilinsa na fasa kisan: a ganinsa wanda aka kashe a bakin addu'a ya tsira, alhali mahaifinsa an kashe shi ne cikin barci, bai sami damar tuba ba. Bayan fitarsa Claudius ya miƙe, ya bayyana cewa addu'ar tasa ba ta wuce fatar baki ba.

Muhimmin abin lura shi ne, ba a ɗaukar zancen zuci a matsayin hukuncin marubuci. Hamlet bai yi ƙarya ba, amma ya yi kuskure, domin durƙuson ya gani, bai ga zuciyar ba. 'Yan kallo kaɗai aka ba damar jin ɓangarorin biyu. Sakamakon wannan kuskure bai jima ba, don a fitowa ta huɗu Hamlet ya soke Polonius a bayan labule, yana zaton sarki ne. Wannan kisa shi ya jawo haukacewar Ophelia da ramuwar gayyar Laertes.

A taƙaice, zancen zuci yana bayyana abin da ɗan wasa ya yarda da shi ne a lokacin da yake magana. Wajibi ne manazarci ya auna shi da abin da sauran wasan ya nuna kafin ya yanke hukunci.