Zayyanar Inji Ba Kadara Ba Ce

Wata sabuwa ce ta shigo mana gidaje tun daga Yelwa har Shanga da Wara, ita ta sa na ɗauki biro. Dillalai ne ke yawo da Alƙur'ani mai kama da rubutun hannu, ya sha zayyana, ga gafaka sabuwa fil, suna ce wa matan aure wai a karɓa a ajiye, kadara ce kamar sarƙar gwal, nan da 'yan shekaru hadiyarsa za ta ninka. Sai ki ga mace ta kwashi adashi ta zube a kai, ta ɗora shi can saman kabet kusa da kwanonin samira, ko buɗewa ba ta yi.

To bari in fara da yabo, don kada a ce na raina aikin malamai. Wannan bugu asalinsa hannu ne. Alaramma ke zama ya rubuta izu sittin da ka, sannan a kai maɗaba'a a ɗauki hoton kowane shafi, inji ya buga dubbai. Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, kuma wallahi hannunsa abin kallo ne, baƙaƙen manya, a zaune daram, ko tsohuwa mai raunin ido ta gani. Riwayar Warshu ce, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo, fa'un nan ɗigonta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron da ya saba da allo in kika miƙa masa bugun Madina na Hafsu sai ya yi ta tuntuɓe, amma wannan yana buɗewa ya ga gida. Nan kam inji ya yi mana rana, domin kuwa ya kai hannun gwani ɗakin talaka.

Amma fa ki ajiye shi gefe da na hannu na gaskiya, ki duba da idon basira. Na hannu tawadarsa dafawa ake yi da bagaruwa da ƙaro, a rubuta da alƙalamin kara. In an gama baƙi a dawo a bi wasali da ja, hamza da rawaya, a sa kore a inda ya dace. Watanni ake kwashewa. Zayyanar sumuni da rubu'i da wurin sujada kowace da irin numfashin mai ita, wata ta ɗan karkace, wata tawada ta yi mata yawa, kuma a nan kyan yake. Na inji kuwa launinsa a kwance yake lif, ba tudu ba kwari. A bugu mai araha har za ki tarar jan ya zame ya bar kan harafinsa, ya koma gefe kamar ɗankwalin da iska ta ture. Ni dai zayyanar da aka cika wa ruwan gwal na roba ba ta burge ni, ƙyalli ne kawai irin na leshin Sallah.

Maganar riba kuwa, ina ribar take? Abu yana tsada ne in babu irinsa. Tun wajen 1820 da 'yan kai Turawan da suka zo Barno, su Denham, suka rubuta cewa ana fitar da Alƙur'anin Barno zuwa Arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da daraja, saboda hannu ne, kowanne shi kaɗai ne. Su ma Turawa suna irin wannan ajiya ta kwafin tsofaffin littattafansu masu ado, amma dubi dabararsu. Da wani kamfani a Siwizalan ya buga kwafin littafin Kells na ƙasar Ayilan a 1990, guda 1,480 kacal ya fitar, ya tsaya. To namu fa? Gobe in ya ƙare a kasuwar Kurmi sai a sake kunna inji. Wa zai ba ki ninki a kan abin da zai samu sabo a kanti?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne musaya. Gidajen malamai da dama a ƙasar Yawuri suna da gafakar kakanni, wasu ma sai da aka ɗauko su a ka lokacin da ruwan Kainji ya tashi garuruwa a 1968. Takardun sun yi ja, warwara ne ba ɗinki, sai a ce wa magada ai wannan ya tsufa, kawo a ba ku sabo mai sheƙi har da ciko. Haba jama'a! Wannan tsohon shi ne wanda ba a sake bugawa.

In yana ɗakinki, ki zaro warƙa ɗaya da alwala ki ɗaga ta saitin rana. Idan kika ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, to irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. Ki shafa bayan shafin, sau da yawa za ki ga inda tawada ta ratsa. Ki raba shi da ƙasa da jikin bango saboda gara da damshin bakin ruwa, kuma kada ki bari kowa ya liƙe yagewarsa da salatif.