Shin Zazzaɓi Na Warkar da Sankarar Jini a Yara? A Bi Labarin a Hankali

Wataƙila ka taɓa cin karo da labarin yaron da ke fama da sankarar jini, ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓi mai zafi, sai cutar ta lafa ba magani. Abin yana faruwa. A 1951 likitocin yara a Boston ta Amurka sun ba da rahoton yaran da sankararsu ta ja da baya, akasari bayan wata cuta mai zazzaɓi. A 1971 mujallar Lancet ta kawo labarin wani yaro a Uganda mai sankarar Burkitt, 'yar'uwar sankarar jini, wanda kumburin idonsa ya sace bayan ƙyanda.

Masana na ganin cutar ce ke zaburar da garkuwar jiki, har ta far wa ƙwayoyin sankarar. Jiki kuma kan ƙara fitar da sinadarin kotisol, wanda ke kashe wasu daga cikinsu.

Inda masu yaɗa labarin ke kuskure shi ne suna tsayawa a rabi. A yawancin yaran nan, cutar ta dawo cikin makonni ko 'yan watanni. Ƙyanda kuwa ga yaro mai sankarar jini ta fi kusa da zama ajali, domin garkuwarsa ta riga ta raunana.

To, me ya shafe mu? A Tudun Wada, Doguwa, Kiru ko ƙauyukan Bebeji da ke gefen madatsar Tiga, zazzaɓin damina ba baƙo ba ne. Alamun sankarar jini kuwa, wato zazzaɓi mai maimaituwa, ƙarancin jini, ciwon ƙashi da zubar jini daga dasashi, sun yi kama da na maleriya. Idan aka sayo deksametason a kemis, wanda ke aiki irin na kotisol, yaro zai iya miƙewa ya yi wasa, a ce ya warke, alhali cutar na nan cikin ɓargo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. Jinkirin gano cutar na cikin dalilan.

Don haka ka yi wa ɗanka rigakafin ƙyanda. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, nemi gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, in ta kama a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada sauƙin kwana biyu ya hana ka zuwa.