Mazaunin Ƙwallo a Wasan Golf: Gardamar da Aka Auna Daga Ƙafa

Malaman wasan golf sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan tambayar da kowane ɗan koyo ke fara yi: ina zan ajiye ƙwallo tsakanin ƙafafuna? Gida na farko na cewa ƙwallo tana bin tsawon sanda. In doguwar sandar buɗe rami ce, wadda 'yan wasa ke kira direba, sai ƙwallo ta zauna daidai dunduniyar ƙafar gaba, wato ta hagu ga mai bugu da dama. Sanda tana gajarta, ƙwallo tana ja da baya har ta kai tsakiya. Gida na biyu na shahararrun 'yan wasa Ben Hogan ne da Jack Nicklaus. A littafinsa Five Lessons na 1957, Hogan ya koyar da cewa ƙwallo ta tsaya wuri guda kusa da dunduniyar hagu, ƙafar dama ce za ta riƙa buɗewa ko matsowa. Nicklaus, mai manyan kofuna 18, ya bi sahu a littafinsa Golf My Way na 1974. A ganina, yawancin wannan gardama ta taso ne saboda an ɗauki ƙafa a matsayin ma'auni, alhali ba ƙafa ke riƙe da sanda ba.

Kan sanda baka yake zanawa a iska, kamar lilon da aka ɗaura a reshe, wanda ya fi kusa da ƙasa daidai ƙarƙashin inda aka ƙulla igiya. Ga ɗan golf, maƙullin yana wajen kafaɗar hagu a lokacin bugu. Sandunan ƙarfe suna son su sami ƙwallo suna kan gangarowa, kafin su kai gindin bakan, shi ya sa gwani ke sarar ciyawa a gaban inda ƙwallo take, ba a bayanta ba. Direba kuwa, da yake ƙwallonta na kan ɗan turke, tana iya samun ta a gindin ko bayan ta fara hawa. Da wannan ido a sake duban Hogan: idan ya matso da ƙafar dama, ƙirjinsa ya hau kan ƙwallo, sanda ta same ta tana gangarowa, idan ya buɗe, ƙirji ya koma bayanta. Ƙwallo ba ta motsa ba, jiki ne ya motsa, kuma sakamakon ya yi kusa ƙwarai da na gidan farko. Kuskure a mazaunin ƙwallo har alƙiblarta yake karkatarwa. Ƙwallon da ta yi baya da yawa, sanda na isa gare ta kafin fuskarta ta daidaita, sai ta fice dama. Wadda ta yi gaba da yawa tana buɗe kafaɗu zuwa hagu, sanda ta yanko ta daga waje, ta lanƙwashe a sama. Abin takaici, mai wannan matsala yakan shafe watanni yana gyaran riƙon sanda.

Wani zai ce alƙaluman na'urar Trackman, wadda aka ƙera a Denmak, sun rushe zancen kai ƙwallon direba gaba, tunda sun nuna ƙwararrun maza a Amurka, a matsakaici, suna bugunta ne sanda na ɗan gangarowa da kusan digiri 1. Gaskiya ne, amma ma'aunin nan ya nuna ƙwararrun mata suna bugu sanda na hawa da kusan digiri 3. Maza suna da saurin da zai ba su damar sadaukar da ɗan nisa don samun saiti. Mai wasan ƙarshen mako ya fi kama da mata a sauri, don haka hawan ya fi masa amfani. Ga kuma sauyin kayan aiki. Hogan da ƙaramin kan itace ya yi wasa, yau kuwa kan direba na kai santimita kubik 460 kuma ana ɗaga turke sama, saboda haka ƙa'idarsa ta wuri guda na bukatar sassauci a wannan sandar.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne ɗan koyo yana ganin ƙafarsa, ba ya ganin kafaɗarsa. Na yarda, kuma ƙafa za ta yi aiki muddin faɗin tsayuwa bai sauya daga bugu zuwa bugu ba. Sai dai Hogan da Nicklaus sun kasance suna jefa nauyinsu ƙwarai kan ƙafar hagu kafin bugu. Wanda nauyinsa ke maƙalewa a ƙafar dama, gindin bakansa na baya, in ya kwafi dunduniyar Nicklaus ƙasa zai sara kafin ƙwallo. Malamin da ya ce masa ya mayar da ita tsakiya ya rage masa ciwo, amma ƙwallo za ta riƙa tashi ƙasa-ƙasa har sai an gyara tafiyar nauyin. Ja da baya yana da muhallinsa idan da gangan aka yi, kamar a filayen bakin teku na Skotland irin St Andrews, inda ɗan wasa ke mayar da ƙwallo baya kaɗan, ya ɗauki sanda mafi tsawo, ya sassauta ƙarfi don kada iska ta ɗauke ta.