Ɗalibin lisans a gaban taron ƙara wa juna sani: me ya kamata a ji daga bakinsa?

Tun da jami'o'inmu suka shiga tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta da bi a shekarar 2007, aikin binciken farko ya matso kusa. A da sai ɗalibi ya kai shekara ta huɗu, watau metiriz, yake rubuta memuwar. Yanzu a sassa da dama tun ƙarshen lisans ake neman ya kawo ɗan aiki na ƙashin kansa. Kuma tun da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, tarukan ƙara wa juna sani ba su tsaya a Yamai kaɗai ba, har akan ba irin waɗannan ɗalibai wuri su gabatar da abin da suka samo. Wannan abin yabo ne. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ake amfani da wurin, musamman a fannin nazarin harshe da adabin baka, domin a ganinmu ɓarnar sa ake yi.

Yawanci minti 15 ake ba mai gabatarwa. Shafi guda, in an karanta shi a fili ba da gaggawa ba, yakan ci minti biyu ko fiye, ke nan shafi shida ko bakwai ne iyakar abin da lokacin zai ɗauka. To, da me ɗalibi yake cika su? Da gaisuwa ga shugaban zama da malamai, da ma'anar kalmomin take, da jerin magabata tun daga Saussure, sa'an nan tarihin garin da aka yi binciken, da iyakokinsa gabas da yamma. Lokacin da zai iso ga abin da ya jiyo daga bakin mutane, shugaban zama ya riga ya miƙo masa ƴar takarda cewa saura minti biyu. Sai ya bi misalansa a guje, ya yi godiya, ya zauna.

Tsarin memuwar ne aka ɗauko ɗungurungum aka kawo zauren taro, alhali kuwa ba aikinsu ɗaya ba. Memuwar jarrabawa ce, ana son ɗalibi ya nuna ya yi karatu. A taro kuwa babu wanda ya zo don a gaya masa abin da Saussure ya ce, ballantana daga bakin wanda bai fi shekara biyu da fara jin sunan ba. Abu ɗaya ne ɗalibin lisans ya fi farfesa: ya je ƙauyensu, ya zauna da kakarsa ko da maƙerin unguwarsu, ya ɗauko maganarsu a wayarsa, cikin karin harshen da ya tashi da shi. Wannan ne kaɗai sabon abu a aikinsa, kuma shi ne ake turawa ƙarshe.

Ko misalan da suka samu fitowa a allo, sau da yawa an riga an kashe su. Mu ɗauki ɗalibin da ya yi aiki a Adar. Mai ba shi bayani ya ce hwara, shi ya rubuta fara. Ya ce shina zuwa, ya rubuta yana zuwa. Ya ce da sunka zo, ya rubuta da suka zo. Ya yi haka ne da kyakkyawar niyya, don an koya masa cewa wannan ita ce daidaitacciyar Hausa, yana kuma tsoron a ce bai iya rubutu ba. Amma ƙa'idojin rubutu, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar 1999 ta nan Nijar, don makaranta da littafi da jarida aka yi su. Ba a yi su don a gyara bakin mai ba da bayani ba. Littafin Bernard Caron kan Adaranci, wanda ya fito a 1991, da babu shi in da marubucin ya mai da kowace jimla Kananci kafin ya nazarce ta.

Haka nan batun karin sauti da tsawon wasali. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, kuma mai karatu ba ya ruɗewa domin jimla tana taimakonsa. A allon taro kuwa, inda kalma take tsaye ita kaɗai da fassarar Faransanci a gefenta, fara na iya zama ƙwaron da ke cinye hatsi, ko launin tufa, ko soma aiki, kuma lafazinsu uku ne daban-daban. Bargery ya ga wajibcin nuna wannan a ƙamusunsa tun 1934. Ɗalibin da bai ƙware wajen sa alamomin ba yana da mafita mai sauƙi: ya kunna muryar da ya ɗauko, ko da ta rabin minti ce, mahalarta su ji da kunnensu. Mun fi son wannan a kan alamomin da aka sa bisa ƙiyasi.

Akwai kuma harshen gabatarwa. Dokar ƙasa ta 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba mu ce a hana kowa magana da Faransanci ba, tun da a zaure ɗaya akwai Zabarmawa da Fulani da Barebari da Abzinawa da baƙi. Sai dai ɗalibin da ke karanta Faransancin da ya haddace, idonsa na kan takarda, shi ne in an tambaye shi da Hausa a bakin ƙofa bayan an tashi yakan warware maganar sarai cikin jimla uku. Ya dace masu shirya taro su bar masa zaɓi, a raba taƙaitaccen bayani da ɗayan harshen a rubuce.

Lokacin tambayoyi shi ma yana buƙatar gyara. Akan samu malamin da zai karɓi magana ya yi nasa darasin na minti biyar, ko ya tsaya gyaran nahawun Faransanci, ko ya lissafo littattafan da ɗalibi bai karanta ba, waɗanda galibi babu su a laburaren da yake iya zuwa. Wurin wannan shi ne ranar kare memuwar. Tambayoyin da za su amfani ɗalibi da zauren duka na kusa ne: wa ya faɗi wannan jimla, shekarunsa nawa, mace ce ko namiji, ya taɓa zama a Kano ko Sakkwato, kuma shin matasan garin haka suke faɗa? Ɗalibi yana da amsar waɗannan, in ma ba shi da ita ya san ƙofar da zai koma ya yi sallama. Muna ba malamai masu jagoranci shawara su sa ɗalibi ya tsai da batu guda tak daga memuwar ɗinsa, ya fara da misalinsa na farko kafin minti na uku ya cika, kuma ya gwada gabatarwar a gaban ƴan ajinsu, da agogo a kan tebur, mako guda kafin taro.