Jinjina Ga Masu Unguwannin Mashi

A watan Afrilun 2020 aka tabbatar korona ta shigo Jihar Katsina ta Daura, inda ta yi ajalin wani likita, Gwamna Aminu Bello Masari kuma ya rufe garin. Tsoro bai tsaya a Daura ba; nan da nan ya iso Mashi, ga azumi ya kawo jiki, ga iyakar Nijar a rufe tun Agustan 2019.

Doka daga Katsina take fitowa, amma mai unguwa ne ke kai ta ƙofar gida. Shi ya san zauren da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ya san bazawarar da kunya ba za ta bar ta ta roƙa ba. Sai ya tunkari mai hali cikin sirri, bayan isha'i a aika da kwanon gero, babu mai ji. Wannan rufin asiri, a ganina, ya fi komai wuya a aikinsu.

Su ne suka riƙa shiga gaban ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, don ba a buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Su ne suka zauna da limamai kan batun jam'i, suka lallashi dattijon da ya ce cutar ta masu hawa jirgi ce. Baƙar magana kam sun sha ta, wani lokaci daga 'ya'yan cikinsu, washegari kuma suka sake fitowa zagaye.